Tatsar Man Ƙamshi Daga Ƙwayoyin Magani da Ruwan Iskar CO2: Tambayoyi da Amsoshi

A cikin kwalaben man habbatus sauda da na citta da na kanumfari da ake shigowa da su daga waje, akan ci karo da waɗanda aka rubuta CO2 a jikinsu, wato da iskar kabon dayoksaid aka tatso man, kuma galibi su ne masu ɗan karen tsada. Mai saye yana son ya san ko kuɗinsa ya biya, mai ɗan jari kuma yana lissafin ko shi ma zai iya kafa injin tatsar. Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan lamarin.

Mene ne man ƙamshi, kuma me ya raba shi da man da muka saba da shi?

Mai iri biyu ne a cikin yawancin ƙwayoyin nan. Akwai mai mai maiƙo, irin na gyaɗa da riɗi, wanda ake suya da shi. Akwai kuma ɗan kaɗan ɗin nan da ke ɗauke da ƙamshin ƙwayar, wanda ke tashi ya bi iska. Shi muke kira man ƙamshi. Idan ana dakan yaji, da zarar taɓarya ta fasa masoro da kimba sai ƙamshi ya cika tsakar gida, har maƙwabta su san ana shirin yajin jego. Abin da hancinsu ya shaƙa shi ne man ƙamshin da ya riga ya tsere daga turmi, kuma ba zai dawo ba.

Gwajin bambance su ba shi da wuya. A ɗiga kowanne a kan farar takarda, a ajiye zuwa yamma. Man gyaɗa zai bar tabo wanda haske ke ratsawa, ko an kwana ana jira yana nan. Man ƙamshi zalla kuwa zai bushe, da ƙyar a ga alamarsa.

Yawansu ma ba ɗaya ba ne. Kusan rabin nauyin riɗi mai ne. Man ƙamshin kusbara kuwa sau da yawa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Kanumfari ne gwarzo a nan, don yakan ba da kashi 15 ko fiye, sai dai shi ba ƙwaya ba ne, toho ne na fure da aka busar.

Ta yaya iska za ta zama ruwa, har a ce ta tatsi mai?

Da matsi. Iskar CO2, wato kabon dayoksaid, ita ce muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ce kuma ke sa lemon kwalba tsiyayar kumfa. Idan aka danne ta sosai a cikin tukunyar ƙarfe a wuri mai ɗan sanyi, sai ta zama ruwa garau marar launi. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas ana bukatar matsi kusan 57 a ma'aunin da ake kira bar. Don a gane girman wannan, tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗoriya.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tukunyar kashe gobara irin mai baƙin baki kamar kakaki, ya riƙe ruwan CO2 a hannunsa bai sani ba. Ana matsa ta, ruwan ya fito ya koma iska nan take, bakin ya yi fari da ƙanƙara.

Wannan ruwan yana narkar da mai da ƙamshi, kamar yadda kananzir ke wanke baƙin mai daga hannun bakanike. Bambancin shi ne, kananzir yakan bar warinsa, shi kuwa CO2 da an sassauta matsi sai ya tashi gaba ɗaya, ya bar abin da ya ɗauko a gindin tukunya. Asirin sana'ar ke nan.

Ana yawan cewa sufakiritikal. Shi da ruwan CO2 duk abu ɗaya ne?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata mai saye ya fi kula da ita. CO2 yana da iyaka: digiri 31.1 na zafi da matsin bar 73.8. Ƙasa da wannan zafin zai iya zama ruwa sosai. Da ya haura shi, duk irin matsin da aka yi masa ba zai ƙara zama ruwa ba. Idan matsin ma ya wuce iyakar, sai ya shiga wani hali irin na jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba ɓera ba: yana kutsawa cikin gari kamar iska, yana narkar da abu kamar ruwa. Wannan halin ne masana ke kira sufakiritikal.

Ruwan CO2 na ainihi ana aiki da shi a sanyi, da matsin da bai cika wuce bar 60 zuwa 70 ba. Hannunsa ba shi da nauyi, ƙamshi ya fi ɗauka, sai ɗan maiƙo kaɗan. Na sufakiritikal kuwa akan yi shi a digiri 40 zuwa 60, kuma mai injin ne ke zaɓar ƙarfinsa. A digiri 40 da bar 100, nauyin lita ɗaya na CO2 kusan giram 630 ne. Idan aka kai matsin bar 300 sai ya haura giram 900, ya kusa kamo nauyin ruwan sha. Iyakar kaurinsa, iyakar abin da zai kwaso: maiƙo, kaki, launi, yaji, duk ya haɗo.

Shi ya sa 'yan kasuwar wannan kaya ke raba shi gida biyu. Akwai zaɓaɓɓen tatso, wanda aka yi da ƙaramin matsi, ruwa-ruwa ne kuma ya yi kama da man ƙamshin da ake tatsa da tururi. Akwai cikakken tatso, mai kauri, wani lokaci kamar man kaɗanya a lokacin ɗari. Buhu ɗaya na ƙwaya zai iya ba da kowanne daga cikinsu, kuma duka biyun za a rubuta musu CO2 ba a yi ƙarya ba. Kalmar ita kaɗai ba ta gaya maka abin da ke cikin kwalbar ba.

Yaya aikin yake tafiya, daga buhu zuwa kwalba?

Da farko a gyara ƙwayar, a sheƙe, a tsince tsakuwa, a busar da ita sosai, lemarta ta sauka zuwa wajen kashi 10 cikin 100. Ruwa abokin gaba ne a nan: yana tare hanyar CO2, yana bin man zuwa kwalba, kuma yakan daskare ya toshe bawul.

Sai niƙa, wanda nan ne gwaninta take. Idan aka bar ƙwayar ɓarzajje da yawa, CO2 zai wanke bayanta kawai ya wuce. Idan aka niƙe ta lilis kamar garin tuwo, sai ta dunƙule a cikin tukunya, CO2 ya huda wa kansa hanya ɗaya ya riƙa bi, sauran garin ko taɓa shi bai yi ba. Ga kuma zafin injin niƙa. Duk wanda ya taɓa kai kayan yaji inji ya san yadda garin ke fitowa da ɗumi, ɗakin kuma ya turnuƙe da ƙamshi har ana atishawa. Wannan ƙamshin asara ce, shi ya sa manyan masana'antu ke sanyaya ƙwayar yayin niƙa, su kuma zuba ta tukunya ba tare da ɓata lokaci ba.

Tukunyar doguwa ce, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, bangonta da kauri ƙwarai. A rufe, famfo ya turo ruwan CO2 ya ratsa garin na wasu awanni. Daga nan ya wuce tukunyar rabuwa, inda ake sauke matsi, man ya zauna, iskar ta tashi. Injin kirki yakan zo da tukwanen rabuwa biyu ko uku, ta farko ta kama kaki da maiƙo, ta ƙarshe ta kama ƙamshin. Iskar kuma ba a zubar da ita, ana sanyaya ta ta koma ruwa, ta sake zagayowa.

Me ya hana a tsaya ga matsa da tururi, tunda an daɗe ana yi da su?

Babu abin da ya hana, kuma har gobe su ne suka fi yawa a duniya. Kowanne dai da inda yake gazawa.

Matsa tana fitar da maiƙo da ɗan ƙamshin da ya narke a cikinsa, amma tana barin mai da dama a cikin tunkuza. Masu ƙuliƙuli sun san wannan: duk yadda aka murza, ƙuli bai rasa maiƙo.

Tururi yana fitar da ƙamshi zalla, sai dai a zafin digiri 100, na tsawon awanni. Wasu sinadaran ƙamshi ba sa jure wannan dahuwar, sukan rikiɗe, wasu kuma su narke su bi ruwa. Sannan tururi ba ya ɗaukar abin da ba ya tashi. Misalin da ya fi burge ni shi ne citta da masoro. Man cittar da aka tatsa da tururi yana da ƙamshi, amma ba ya yaji a harshe, domin jinjarol, sinadarin da ke sa yajin, ba ya bin tururi. Haka fifarin, sinadarin da ke sa yajin baƙin masoro. Tatson CO2 mai ƙarfi kuwa yana kwaso su, shi ya sa ɗanɗanonsa ya fi kusa da na ainihin cittar da aka gutsura.

Hanya ta uku ita ce hegzen, wani ruwa dangin fetur da manyan kamfanonin man girki ke wanke mai da shi daga ƙwaya. Yana da arha kuma yana tatsa tas. Amma yana kama wuta, kuma dole a dafa man don a kore shi, abin da ke korar ƙamshi tare da shi. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa ragowarsa a man ci kada ta wuce miligiram 1 a kilo. CO2 ba ya cin wuta, ba ya barin saura, kuma tunda babu iskar oksijin a cikin tukunyar, man ba ya fara lalacewa tun a wurin tatsa.

Sabuwar fasaha ce?

Iliminta tsoho ne. Wani Bafaranshe, Cagniard de la Tour, shi ya fara lura da wannan hali na tsaka-tsaki a 1822, sannan Thomas Andrews ya yi cikakken bayani a kan iyakar CO2 a 1869 a birnin Belfast. Shiga masana'anta ce ta ɗauki lokaci. Kurt Zosel na cibiyar Max Planck a Jamus ya gano yadda za a cire sinadarin kafin mai hana barci daga kofi da CO2, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1970 an fara yin haka don kasuwa a Jamus. Kayan ƙamshi da na magani daga baya suka biyo.

Kowace ƙwaya ce ta dace da wannan hanya?

A'a. Waɗanda suka fi cin moriyarta su ne masu ƙamshi mai tsada: kusbara mai sinadarin linalul, shammar da yansun masu sinadarin anitol, kadamom, habbatus sauda. Daga cikin namu na gida, citta mai 'ya'ya da kimba da gyaɗar miya duk suna da ƙamshin da za a iya tatsa.

Gyaɗa da riɗi da 'ya'yan zogale kuwa maiƙo gare su, ba su da wani man ƙamshi na a zo a gani. CO2 zai iya tatsarsu, amma kashe kuɗi ne a banza, kamar ɗaukar hayar tirela don kai kwano ɗaya na gero kasuwa. Injin matsa ya wadatar.

To habbatus sauda fa? Man CO2 ɗinta ya fi wanda aka matse?

Wannan ƙwaya tana da matsayi na daban a wurinmu saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa waraka ce daga kowace cuta in ban da mutuwa. Don haka kasuwarta ba ta mutuwa, kuma algus ma ba ya ƙarewa a cikinta.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta maiƙo ne. Man ƙamshinta kuwa ɗan mitsitsi ne, yakan kama daga ƙasa da kashi 1 zuwa wajen kashi 2 cikin 100, gwargwadon iri da ƙasar da aka noma ta, ko Masar, ko Indiya, ko Habasha, ko Turkiyya. A cikin wannan ɗan kaɗan ɗin ne taimokwinon yake, sinadarin da masu bincike suka fi mayar da hankali a kai, mai sa ɗaci da ɗan kartar maƙogwaro. A lissafa da kashi 1: buhu mai kilo 100 zai ba da kilo 30 ko fiye na maiƙo, amma man ƙamshi kilo 1 tak.

Man da aka matse a sanyi yana ɗauke da taimokwinon, narke a cikin maiƙon. Cikakken tatson CO2 bai yi nisa da shi ba. Zaɓaɓɓen tatso ne ke tattara sinadarin ya ninka, kuma wannan ba abin sha da cokali ba ne. Ra'ayina shi ne, ga mai shan ɗan cokali da zuma da safe, man da aka matse daga ƙwaya mai kyau, sabo, ba a sirka shi ba, ya ishe shi. Fifikon CO2 yana fitowa ne wurin mai haɗa magani ko man shafawa, wanda ke son ya san adadin sinadarin da ke cikin kowane giram.

Ana sa barasa a ciki?

CO2 kansa ba barasa ba ne. Amma akwai sinadaran da ba ya iya ɗaukowa shi kaɗai, don haka wasu masana'antu kan ƙara masa itanol, wato sinadarin barasa, kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, daga baya su kore shi. Wajen tatsar man ƙamshi zalla ba a cika bukatar hakan ba. Wanda abin ya dama sai ya nemi takardar bayanin kayan ko shaidar halal, hukuncin kuma ya tambayi malamai.

Idan ƙwayar ta yi fumfuna ko an zuba mata maganin ƙwari, CO2 zai tsarkake ta?

Kada a dogara da haka ko kaɗan. Yawancin magungunan ƙwari suna narkewa a mai, kuma duk abin da ke narkewa a mai CO2 na iya kwaso shi. Tunda ana tattara abin da ke cikin buhu guda ne a mayar da shi cikin 'yar kwalba, gubar ma tana iya taruwa. Wannan babbar magana ce a wurinmu, inda wasu ke zuba wa hatsi magani a rumbu ba bisa ƙa'ida ba. Injin miliyoyi ba zai gyara ƙwayar da aka ɓata tun daga sito ba.

Zan iya sa mai walda ya haɗa mini ƙaramin inji a gida?

Don Allah kada ka fara. Tukunyar gas ta girki da tukunyar dahuwar wake mai murfin matsi ba a yi su don bar 70 ba, balle 300. Idan walda ta ɓalle a irin wannan matsi, murfin harsashi ne.

Haɗari na biyu ya fi shiru. CO2 ba shi da wari ko launi, kuma ya fi iska nauyi da kusan rabi, don haka idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. A iskar da muke shaƙa bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, idan ya kai kashi 4 rai na cikin haɗari. Mutanen Kamaru ba su manta da tafkin Nyos ba, inda a daren 21 ga Agusta, 1986, wannan iskar ta taso daga ƙarƙashin ruwa ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi masu yawa. Ɗakin tatsa dole ya sami iska mai ratsawa da na'urar gargaɗi da aka kafa kusa da ƙasa.

Zai yiwu a kafa irin wannan masana'anta a Kano ko Maraɗi?

Zai yiwu, amma a shiga da ido biyu. Kayan aiki dai akwai: cittar Kudancin Kaduna ta yi suna a duniya, kuma wanda ya leƙa kasuwar Dawanau ya ga yadda ake loda amfanin gonarmu ɗanye a fita da shi, wasu can su tatse su sayar da tsada.

Sai dai a tuna da digiri 31 ɗin nan. A watan Afirilu zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi yana haura 40, wato a inuwar ɗaki ma CO2 ba zai zauna a matsayin ruwa ba. Famfo kuwa ruwa yake turawa. Ke nan injin sanyaya ba zai huta ba muddin ana aiki, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar tatsa, aikin ya tsaya cak, matsin da ke cikin tankin ajiya ya fara hawa. Mai tatsa a Jamus yanayi na taya shi, mu kuwa sai mun saya da dizal ko sola. Ƙara da kuɗin injin da ake biya da dala, da samun CO2 mai tsabtar da ta dace da abinci, da robobin toshe ƙofa da ke ci su mutu, da injiniyan da zai gyara famfo idan ya tsaya.

Abin da ya fi kashe irin wannan jari shi ne a sayi inji kafin a sami mai saye. Kamfanonin turare da na kayan ɗanɗano ba sa sayen kaya sai sun ga sakamakon gwaji, kuma suna son na bana ya zo daidai da na bara. Mai hankali yakan fara da aika 'yan kiloli wurin masu injin su tatsa masa, ya kai samfurin gwaji, ya nuna wa masu saye, sannan ya yi maganar odar inji. Idan kuma a Najeriya za a sayar don ci ko magani ko shafawa, sai da rajistar NAFDAC.

Yaya zan gane na gaskiya?

Da ido da hanci kaɗai ba za a tabbatar ba, ko da yake suna taimakawa: ƙamshin tatson CO2 yakan yi kama da na ƙwayar da aka fasa yanzu, ba na dafaffiya ba. A duba ko an rubuta sunan tsiron na kimiyya, da ƙasar da ya fito, da lambar rukuni, da ko zaɓaɓɓen tatso ne ko cikakke. Mai sayar da kaya da yawa ya kamata ya iya nuna takardar gwajin GC-MS, wadda ke jera sinadaran da ke ciki da yawan kowanne. Idan ka ga babbar kwalba an ce man ƙamshi zalla ne na CO2, kuɗinta kuma bai wuce na man gyaɗa ba, ka koma kan lissafin buhun nan mai kilo 100.

Ana sha ko shafawa kai tsaye?

Zaɓaɓɓen tatso ba a shafa shi tsurarsa. Na kanumfari, saboda yujinol da ke cikinsa, yana iya ƙona fata da dasashi, shansa da yawa kuma yana illata hanta, musamman ga yara. Akan ɗiga kaɗan ne a cikin man zaitun ko na kwakwa, a gwada a ɗan wuri a hannu tukuna. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin suga ko hawan jini ko na tsinka jini, su tuntuɓi likita kafin su sha kowane iri.

Ajiya kuma a kwalbar gilashi mai duhu, a toshe da kyau, nesa da taga. Taimokwinon ba ya shiri da haske. Kwalbar da ta wuni a kan tire a rana a bakin tasha, ko da wane inji aka tatse ta, ta riga ta rage ƙarfi.

Ina ake kai dusar da ta rage?

Ba a zubar da ita. Tana fitowa daga tukunya a bushe, ba lema kamar ta tururi, ba ragowar hegzen, furotin ɗinta kuma bai dahu ba. Idan ƙamshi kaɗai aka cire da ƙaramin matsi, maiƙon yana nan, sai a ɗaga matsin a yi zagaye na biyu, ko a kai ta injin matsa. Abin da ya saura bayan nan akan haɗa shi a abincin kaji da na dabbobin kiwo.